Yadda zafi da danshi ke cinye kan lagireton mota tun kafin ya tsage

Duk ma'aikacin da ke bin hanyar Mararaba zuwa sakatariyar tarayya da safe ya saba ganin mota a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Sau da yawa idan bakanike ya duba, sai ya tarar baƙar robar da ke saman lagireto ce ta tsage, alhali motar ba ta yi karo da komai ba. Mai motar kan ɗauka tsautsayi ne. Amma lalacewar ta daɗe da farawa a cikin robar, ranar ce kawai ta bayyana.

A yawancin motocin zamani, kan lagireto ba robar bokiti ba ce. Nailan ne da ake kira PA66, irin wanda Wallace Carothers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, an cakuɗa shi da gajerun zaren gilashi. Idan aka ga an buga PA66-GF30 a jikin kayan, ma'anarsa kashi 30 cikin 100 na nauyinsa zaren gilashi ne. Zaren ke ɗaukar nauyi, nailan kuma ke riƙe zaren, kamar yadda laka ke riƙe ciyawa a tubalin gini. Haɗin ya fi ƙarfe sauƙin nauyi da araha, kuma ba ya tsatsa.

Rauninsa shi ne nailan yana shan ruwa. A iska mai matsakaicin danshi, tsantsar PA66 kan sha kimanin kashi 2.5 cikin 100 na nauyinsa, idan kuwa aka jiƙa shi har ya ƙoshi, yakan kai kusan kashi 8. Da farko ruwan yana sa shi laushi ne da ɗan kumbura, kuma wannan yakan koma idan ya bushe. Abin da ba ya komawa shi ne ɓarnar da ruwa mai zafi ke yi: yana tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da suka haɗa nailan, yana kuma raba zaren gilashin da robar da ke manne da shi. Da zarar mannewar ta saki, zaren ya daina taimakawa, ƙananan tsagu su fara bin gefensa.

Zafi ke hanzarta wannan duka. Ƙa'idar da masanin Suwidin Svante Arrhenius ya bayyana a 1889 ta nuna cewa sauyin sinadarai na ƙara sauri idan zafi ya ƙaru, kuma injiniyoyi kan ƙiyasta cewa ƙarin digiri 10 na iya ninka saurin sau biyu. Ruwan injin mota yana aiki ne a kusan digiri 90 zuwa sama, kuma mafi zafinsa yana shiga ne ta bakin saman lagireto. Shi ya sa wajen ne ke fara rikiɗewa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, ya riƙa marmashewa.

Motar da aka shigo da ita 'yar Kwatano ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwar robarta a ƙasashen waje. A Abuja kuma sai ta haɗu da zafin watan Maris, da doguwar damina, da tsayuwa cikin cunkoso inda iska ba ta ratsa lagireto sai da fanka.

Darasin ga mai mota a fili yake. Idan launin robar ya sauya ko siririn tsagu ya bayyana kusa da bakin tiyo, lokacin sauyawa ya yi. Liƙe wajen da gam ba ya dawo da sarƙoƙin da suka tsinke, kuma idan ruwa ya zube a kan hanya, kuɗin gyaran injin da ya ƙone ya ninka na lagireto nesa ba kusa ba. A kula da fanka da murfin lagireto, a kuma yi amfani da ruwan sanyaya injin da kamfanin motar ya tanada, domin duk lokacin da injin ya yi zafi fiye da kima, robar na ƙara tsufa.

Ga jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu kuwa, lagireton da aka ciro daga tsohuwar mota yana iya yin kyau a ido bayan an wanke shi, amma shekarun zafi da ruwan da ya sha suna nan a cikinsa.