Saƙon tsaro na RHDP da 'yan kasuwar Adjamé

Babban taron jam'iyya shi ne zaman da wakilai ke tsayar da ɗan takara, kuma a nan ake tsara saƙon da za a kai wa waɗanda ba su yanke shawarar wanda za su zaɓa ba. Taron RHDP mai mulkin Kwaddibuwa, wanda aka yi a Abidjan ranakun 21 da 22 ga Yunin 2025, ya tsayar da Alassane Ouattara, shi kuwa da ya amsa kiran a ƙarshen Yuli, sai ya sa ƙalubalen tsaro cikin manyan hujjojinsa na neman wa'adi na huɗu.

Hujjar tana da tushe, domin harin Grand-Bassam na 2016 ya kashe mutum 19, na Kafolo kusa da iyakar Burkina Faso kuma ya hallaka jami'an tsaro 14 a 2020. Sai dai a unguwannin Abidjan irin su Bromakoté ta Adjamé da Treichville, inda Hausawa ke kasuwanci, tsaron da ya fi damun mai shago shi ne kada rikicin zaɓe irin na 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, ya dawo ya rufe kasuwa. Ouattara ya lashe zaɓen 25 ga Oktoba, amma kusan rabin masu rajista ba su fito ba.