Tsofaffin Littattafan Hannu: Amanar Da Magabata Suka Bari

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a yau, ya ratsa Fagge ta gefen Kantin Kwari, ba abin da zai gani sai kantuna da motoci da dilolin atamfa. Amma tun kafin a shimfiɗa titin, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, Fagge zango ce, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya bayan sun ƙetaro hamada. Cikin hajar da fatake ke kawowa Kano ta wannan hanya kuwa har da takarda, wadda malamanmu suka rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da nahawu a kanta.

Yawancin takardar nan daga arewacin Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. Idan mutum ya ɗaga warƙa ɗaya ya duba ta cikin haske, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya ambaci irin wannan takarda cikin kayan da ya tarar ana sayarwa. Saboda haka masana ke soma duba tambarin in suna son kintatar shekarun littafi. Sa'an nan su duba ƙarshensa, inda marubuci kan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Su kan kuma lura da salon hannu da tawada: baƙi da yambari, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, bisa ruwayar Warshu.

To, a nan ne haɗarin yake. Littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi da gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a gindin shafi, watau kalmar farko ta shafin da ke biye. In malami ya rasu aka zo rabon gado, aka raba littafi ɗaya kashi uku, ko aka jibge shi a soro gara da yoyon damina suka ci, ko aka sayar wa dillalin kayan tarihi warƙar da ta fi ado, to, an yi asarar da kuɗi ba su mayarwa.

Akwai abin lura cikin labarin Malam Umaru Falke, attajiri kuma malamin Tijjaniyya a Kano, wanda ya rasu cikin 1962. Littattafai da takardun da ya tara, fiye da 3,000, suna ajiye a Jami'ar Northwestern ta ƙasar Amurka. Sun tsira domin ba a warwatsa su ba, amma ɗalibin Kano da ke son ganinsu da idonsa sai ya ƙetare teku. Haka kuma ba a manta da Tumbuktu ba, inda aka ƙone dubban littattafan hannu a Cibiyar Ahmad Baba cikin Janairun 2013.

Hukuma ta yi nata, gama doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. Saura namu. Mai irin wannan gado ya ajiye shi a wuri busasshe, nesa da ƙasa da bango, kada ya liƙe yagaggiyar warƙa da gam ko salatif. Magada su yi wa littafi kuɗi ɗaya ya ɗauka, ko su mai da shi waƙafi, maimakon su yayyaga shi. Sa'an nan a nemi masana na Jami'ar Bayero ko na Gidan Arewa da ke Kaduna su duba, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunansa da na mai shi.

Magabata sun yi watanni suna rubuta littafi guda da alƙalamin gamba, don na baya su karanta. Allah Ya jiƙansu, Ya ba mu ikon riƙon amanarsu, amin.