Mayar da Iskar Gas Cikin Rijiyoyin Mai: Dabara da Lissafin Riba

Ɗanyen mai yana kwance ne cikin ƙananan ramukan dutse, kuma matsin ƙarƙashin ƙasa shi ke tunkuɗo shi sama. Yayin da ake ta ɗiba, sai matsin ya raunana, akasarin man ya maƙale a ƙasa. Ɗaya daga cikin magungunan haka shi ne a ware iskar gas da ke fitowa tare da man, a matse ta da manyan injuna, a mayar da ita ta wata rijiya dabam. Iskar takan farfaɗo da matsin, idan kuma ta narke cikin man ta rage masa kauri.

Sai dai injunan suna da tsada. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana ƙone iskar daga 1 ga Janairu, 1984, amma tarar farko kwabo 2 ce kacal kan kowace ƙafa kubik 1,000. Saboda haka kamfanoni suka ga ƙonawa ta fi araha, mazauna Neja Delta kuwa suka ci gaba da shaƙar hayaƙi. Sai a 2018 tarar ta kai dala 2 ga manyan masu haƙa. Ke nan, kamfani ba ya mayar da iskar sai ƙonawa ta fi mayarwa tsada.