Yadda ake haɗa tablet da kwamfuta don gwada manhaja kafin a shiga ƙauye



Kun sha ganin matasa masu aikin ƙidaya ko na kiwon lafiya suna yawo gida-gida da tablet, suna cika tambayoyi a manhaja irin su KoboCollect. In manhaja ta ƙi aiki a ƙauyen da babu rezo, an yi asarar yini da kuɗin mai. Shi ya sa ake gwada ta tun a gari, da kwamfuta.

Ga yadda ake yi a tablet mai Android. Ka shiga Paramètres, ka gangara zuwa À propos, ka nemi Numéro de build, ka taɓa shi sau 7. A wasu na'urori sunansa Numéro de version. Daga nan wani sashe zai fito, Options pour les développeurs, wanda aka fara ɓoyewa tun Android 4.2 a 2012. A ciki ka kunna Débogage USB.

A kwamfuta kuma sai ka sauke Platform-Tools na Google, kyauta ne. Cikinsa akwai adb, gadar da ke haɗa na'urorin biyu. Ka jona kebul, amma lura: wani kebul ɗin caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayanai. Tablet za ta tambaya ko ka yarda da wannan kwamfuta, ka amince. Rubuta adb devices. In lambar tablet ta fito, an haɗu ke nan. Da adb install ake saka manhaja, adb logcat kuwa yana nuna saƙonnin da ke bayyana inda ta yi tuntuɓe. Daga Android 11 ana iya yin duk wannan ta Wi-Fi.

To, ga gargaɗi. Kwamfutar da ka amince da ita tana iya saka manhaja, ta goge wata, ta kwashe hotuna. Don haka in ka gama, kashe Débogage USB kafin ka kai na'urar wajen mai caji a kasuwa ko mai gyara, musamman in akwai sunayen mutane ko asusun kuɗi a ciki. Ƴan uwa masu aiko da tablet gida, ku ma ku duba wannan kafin ku ba direba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu dace.