Bayan "Da Sauƙi": Halin da Iyalin Mai Sankarar Mama Ke Ciki

In ka shiga dubiya ka ce "ya mai jiki?", amsar ɗaya ce: "da sauƙi", ko da daren jiya ba wanda ya runtsa. A gidan da sankarar mama ta sauka, wannan amsa tana rufe abubuwa da yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano cutar a jikin mata kusan miliyan 2.3, cutar kuma ta kashe kimanin 670,000. A Najeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan daji, kuma akasarin mata ba sa isa asibiti sai ta yi nisa.

Jinkirin daga gida yake farawa. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, sai wata gwaggo ta ce "daji ba ya son allura", a koma ga jiƙe-jiƙe. Ita kuwa, can cikin ranta, ba wuƙar likita kaɗai take tsoro ba. Tana tunanin yadda maigida zai dube ta in an cire maman, da abin da kishiya za ta ce in allurar kemo ta zubar mata da gashi, da kuma wanda zai riƙe autanta. Akwai mazan da ke tsayawa tsayin daka, su sayar da gona ko babur. Akwai kuma masu janye jiki, ba saki ba zama, wanda a ganina ya fi sakin ciwo.

Sai mai jinya, galibi 'ya ko ƙanwa. Ita ke kwana kan tabarma a barandar asibiti, ita ke wanke gyambo, ita ke bin layin magani. In aka ce a je gashin ciwon da na'ura a Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ko Yamai ga mutanen Nijar, ita za ta bar makaranta ko sana'arta ta bi. Wani lokaci ma dangi kan ɗora mata nauyin ɓoye wa marar lafiya sunan ciwon. Uwa ta sani tana yi kamar ba ta sani ba, 'ya tana fita waje ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo. Kowa na tausayin kowa, kowa kuma shi kaɗai.

Abubuwa biyu ya kamata a faɗa wa iyali ƙarara. Cutar ba a ɗaukar ta, don haka ware wa mai ita kwano da kofi ƙarin baƙin ciki ne kawai. Sannan wadda ake gada daga iyaye ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, amma hakan ya isa dalilin da 'yar da ke jinya za ta sa likita ya duba ta ita ma. In ta je, a tambaye ta ko tana samun barci.