Ladan barin gona ta huta a gundumar Cimarron

A ƙarshen yammacin jihar Oklahoma ta Amurka akwai gundumar Cimarron, fili ne shimfiɗaɗɗe mai ƙarancin ruwan sama da yawan iska. A can, duk watan Oktoba, gwamnatin tarayya kan biya wasu masu gona kuɗi don sun bar gonarsu ba noma, ciyawa kawai ke tsaye a kanta. Wanda bai san tarihin wurin ba zai ɗauka ɓarnar dukiya ce.

Tushen abin yana cikin shekarun 1930. Manoma sun kafta ciyawar asali da garma don shuka alkama, sai fari ya zo, ƙasa ta rasa saiwar da za ta riƙe ta. Ranar 14 ga Afrilu 1935 guguwar ƙura ta rufe garin Boise City da ke gundumar har rana ta koma dare. Mutane na toshe kafar taga da jiƙaƙƙen zane, duk da haka ƙura na kwana a cikin kwanon abinci. Daga wannan shekarar gwamnati ta ɗauki kare ƙasar noma a matsayin aikinta.

Shirin biyan kuɗin nan, wanda ake kira CRP, ya fito ne daga dokar noma ta 1985, lokacin da farashin hatsi ya faɗi, bashi ya danne manoma. Mai gona kan sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa a filin da iska ke saurin kwashewa. Gwamnati ta biya shi kuɗin haya kowace shekara, ta kuma ɗauki har rabin kuɗin shukar. Da jifa ɗaya ta rage rarar hatsi, ta tallafi manomi, ta rufe ƙasa.

Amfaninsa a bayyane yake. Inda ciyawa ta kafu, iska kan wuce ba ta tafi da ƙasa ba, ruwan da ya sauka ya nutse, tsuntsayen daji su sami mafaka. Ga dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, kuɗin nan tabbas ne, ko an yi damina ko ba a yi ba. In fari ya tsananta, akan ba da izinin kiwo ko yankan ciyawa a filayen.

Sai dai gonar da ba a nomawa ba ta sayen iri, ba ta shan taki da man tarakta, ba ta kai hatsi rumbun gari. Kuɗin kuma na mai fili ne, wanda sau da yawa magaji ne mazaunin birni, yayin da matashin da ke neman gonar haya ke gogayya da gwamnati wajen farashi. Saboda wannan ne doka ta taƙaita abin da za a shigar zuwa kashi 25 cikin 100 na gonakin kowace gunduma. Mutanen Cimarron sun haura dubu biyar a 1930, a 2020 ba su kai 2,500 ba. Raguwar ta girmi shirin, manyan injuna ne suka fi jawo ta, amma shirin bai tsayar da ita ba.

Babban rauninsa shi ne rataye yake a wuyan kasuwa. A 2007 filayen shirin a faɗin Amurka sun kai kusan eka miliyan 37. Da masara da alkama suka yi tsada, yarjejeniyoyi suka ƙare, garma ta koma kan miliyoyin eka, har adadin ya sauko wajen miliyan 22. Ciyawar da aka yi shekara goma ana reno, kwana kaɗan ya isa a kife ta.

Don haka a ganina ya kamata kuɗin ya fi karkata ga abin da zai sa ciyawar ta ciyar da mai ita: shinge, rijiya da tsarin kiwo na karɓa-karɓa. Manomin da shanunsa ke cin moriyar fili ba zai sa masa garma ba ranar da takardar gwamnati ta ƙare.