Tsohon Kwabo Mai Huji Na Iya Zama Jari A Kudancin Kaduna

Kafanchan — Tun daga shekarar 1927 da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta haɗe da ta Kaduna da ta Jos a garin Kafanchan, kuɗin Turawa suka yi ta kwarara cikin wannan yanki ta hannun ma'aikatan reluwe da fataken citta. Ragowarsu na nan a gidaje da yawa, cikin gwangwani ko a tsire a zare, kuma galibi akan sayar da su ne a dunƙule kamar tsohon ƙarfe. A nan ne mai kaya yake yin asara, domin masu tara tsofaffin kuɗi ba nauyi suke saye ba, bambancin hatimi suke nema.

Hatimi shi ne ƙarfen da aka sassaƙa zane a kansa, wanda injin yake danna wa kwabo gaba da baya. Duk abin da ke jikinsa, daidai ko kuskure, zai fito a kan dukkan kwabban da ya buga. Shi ya sa ake bambanta kuskuren hatimi da tabon da kwabo ya samu a kasuwa: na hatimi yana maimaituwa iri ɗaya, tsagewarsa kuma takan fito a tashe kamar jijiya, alhali ƙarzuwa lotsawa take yi.

Abu na farko da ake dubawa a kwabon Afirka ta Yamma shi ne ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi. Harafin H na masana'antar Heaton ne a birnin Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria, wanda ba shi da harafi kuwa na masana'antar gwamnati ne a Landan. Kwabo biyu na shekara guda suna iya shan bamban a farashi saboda wannan harafi kaɗai.

Wanda ya fi jan hankali shi ne na Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na 1936. Ingila ba ta fitar da kuɗi da sunansa ba, amma an fitar da kwabo da ɗari da anini masu sunansa domin Afirka ta Yamma. Waɗannan suna da yawa, saboda haka kada mai su ya ɗora musu buri. Mai wuyar samu shi ne wanda aka buga a 1945, inda aka haɗa tsohon hatimin Edward da bayan kwabo na wannan shekara, shekara tara bayan saukarsa. An sake irin wannan kuskure a 1956, sunan Sarki George na Shida ya fito a zamanin Sarauniya Elizabeth.

Kwabon Nijeriya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai shi ma yana da iri biyu, domin wanda aka buga a 1987 yana ɗauke da taken ƙasa da aka tsawaita. Babban Bankin Nijeriya ya janye ƙananan kwabbai a 2007, don haka darajarsu yanzu tana wajen masu tarawa ne kawai.

A Amurka, inda wannan kasuwa ta bunƙasa, santi ɗaya na 1955 wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu yakan haura dala 1,000.

Kayan aikin ba su da tsada: gilashi mai ƙara girma sau 10, da haske mai kyau, da kundin da ke jera kuɗin shekara-shekara. Abin da ya fi ɓata ciniki shi ne wanke kwabo da toka ko lemon tsami domin ya yi ƙyalli. Mai saye yana gane wankakke nan take, kuma yakan karya farashinsa, ko ma ya ƙi taya shi gaba ɗaya.